Yaɓen Gidan Zamani: Sabunta Manhajar da ke Riƙe da Gadar Na'urorin Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa aikin gini ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauko daga kan katanga. Kowace shekara, kafin damina ta faɗi, sai maigida ya zagaya ya duba inda bango ya tsage, da inda indararo ya toshe, da inda soro ya soma yoyo, sa'an nan a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe. Wanda ya yi sakaci da wannan aiki shekara ɗaya yana iya tsira, amma wanda ya mayar da sakacin ɗabi'a, to, wata rana a tsakiyar marka ɗaki zai rufta masa.

Manhajar kwamfuta ma tana bukatar irin wannan kulawa, duk da cewa ruwan sama ba ya taɓa ta. A wannan maƙala za mu ɗauki wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake ajiyewa a wasu gidaje domin ta haɗa kan na'urorin gida, wadda ake kira gada, mu duba abin da ke cikinta hawa-hawa. Za mu ga dalilin da ya sa manhajar da ke can ƙarƙashi take tsufa, da kuma yadda ake sabunta ta ba tare da an rusa abin da aka gina a kanta ba. Ko da mai karatu bai taɓa ganin irin wannan gada ba, darasin ya shafi wayar da ke aljihunsa da kwamfutocin da ke makarantarsu.

Mece ce Gada?

A yau akwai ƙwan fitila, da fanka, da makullin ƙofa, da kyamarar tsaro, da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ake iya ba su umarni ta wayar salula. Mutum yana iya kashe fitilar zaure yana kwance a ɗaki, ko ya tsara cewa da ƙarfe shida na yamma fitilun tsakar gida su kama da kansu. Matsalar ita ce kowane kamfani da irin harshen da na'urorinsa ke ji. Wasu suna magana ta Wi-Fi, wasu ta Bluetooth, wasu kuma ta hanyoyin rediyo da ake kira Zigbee da Z-Wave. Ko waɗanda suka yi tarayya a hanya ɗaya ma, sau da yawa kalmomin umarninsu sun bambanta. A shekarar 2014 kamfanin Apple na Amurka ya fito da nasa tsarin mai suna HomeKit, wanda ke bai wa mai wayar iPhone damar sarrafa na'urorin gidansa daga wuri guda, amma fa sai waɗanda aka ƙera su bisa ƙa'idar kamfanin.

A nan ne gada ta sami aiki, kuma aikinta na tafinta ne. Ba da daɗewa da fitowar HomeKit ba, wasu masana 'yan sa-kai suka rubuta wata manhaja mai suna Homebridge, suka sake ta kyauta, kowa yana iya karanta yadda aka rubuta ta. Ta fuskar waya, Homebridge tana bayyana tamkar na'urar HomeKit. Ta ɗaya fuskar kuwa tana yi wa kowace na'ura magana da harshenta. Idan maigida ya taɓa hoton fanka a wayarsa, saƙon zai je wurin gada, ita kuma ta fassara shi ta miƙa wa fankar. Domin ta iya harsuna da yawa, ana jona mata wasu ƙananan manhajoji da ake kira filogin, kowanne da irin na'urar da ya sani, kuma yawansu ya haura dubu biyu. A ƙa'idar HomeKit, gada ɗaya ba ta ɗaukar fiye da na'urori 150, har da ita kanta. A shekarar 2022 manyan kamfanoni sun fito da harshe na bai-ɗaya mai suna Matter, amma na'urorin da aka saya kafin nan da yawansu ba sa jin sa, saboda haka bukatar tafinta tana nan.

Galibi ana ɗora Homebridge ne a kan wata kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda faɗinta bai fi na katin cirar kuɗi a banki ba sosai. Wata gidauniya ce da ke birnin Kambirij na ƙasar Ingila ta ƙirƙiro ta domin koya wa yara ilimin kwamfuta, aka kuma fara sayar da ita a shekarar 2012. Ba ta cin wuta da yawa, don haka ana barin ta a kunne dare da rana. Kwamfutar da aikinta shi ne jiran buƙatun wasu na'urori tana biya musu, ita ake kira saba, ko uwar garke. Irin wannan saba ba ta da allon kallo, ba ta da madannai. Ana cusa ta a bayan kabad a manta da ita. Wannan mantuwa ita ce mafarin matsalar da za mu tattauna.

Gini Mai Hawa Huɗu

Idan muka ajiye ƙarfen kwamfutar da ƙaramin katin ajiya da ke cikinta a matsayin filin da aka yi gini a kai, manhajojin gada hawa huɗu ne, kowane hawa yana zaune a kan na ƙasa da shi.

Hawa na farko shi ne babbar manhaja, wadda ke kula da ƙwaƙwalwar kwamfuta da katin ajiya da hanyar sadarwa. A Raspberry Pi sunanta Raspberry Pi OS, kafin shekarar 2020 kuwa Raspbian ake kiran ta. An samo ta ne daga Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita kuma Debian an gina ta a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. A cikin wannan hawa akwai taskokin umarni waɗanda sauran manhajoji ke ɗiba daga gare su, kamar yadda dukan matan gida ke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce wadda ake kira glibc.

Hawa na biyu shi ne Node.js. An rubuta Homebridge da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, wanda asalinsa an yi shi ne domin shafukan intanet. A shekarar 2009 Ryan Dahl ya ɗauki injin V8, wanda kamfanin Google ya ƙera domin burauzarsa ta Chrome, ya gina Node.js a kansa, ta yadda za a iya gudanar da JavaScript a wajen burauza. Ba Node.js, ba Homebridge.

Hawa na uku ita ce Homebridge kanta, na huɗu kuma su ne filogin.

Abin lura a nan shi ne hawa biyu na sama suna da sauƙin sabuntawa, domin Homebridge tana da shafi da ake buɗewa a burauza, inda ake nuna wa mutum cewa sabon bugu ya fito, ya danna kawai. Hawa biyu na ƙasa kuwa sun fi wuyar taɓawa, saboda haka su aka fi bari. Sai ka ga gida ana ta yi wa bene fenti, alhali harsashi ya shekara biyar ba wanda ya leƙa shi.

Me Ya Sa Manhaja Ke Tsufa?

Ɗalibi yana iya tambaya: manhaja ai jerin umarni ce, ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, yaya za a ce ta tsufa? Gaskiya ne umarnin ba ya canzawa, amma abin da ke kewaye da shi yana canzawa, ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce gano ɓaraka. Babbar manhaja tana da layukan umarni miliyoyi, kuma mutane ne suka rubuta su, don haka ba a rasa kuskure. Wani kuskuren yakan zama kafar da mai kutse zai bi ya shiga. A watan Afrilun 2014 aka bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, taskar da ɗimbin sabobi ke amfani da ita wajen kulle saƙonni; kuskuren ya yi kimanin shekara biyu a ciki kafin a gano shi. Idan aka gano irin wannan, masu manhajar sukan fitar da gyara, wanda za mu iya kira faci. To, amma ranar da faci ya fito, ranar ce kuma duk duniya ta san inda ɓarakar take. Daga wannan rana, wanda bai liƙa facin ba ya fi shiga hatsari a kan yadda yake jiya.

Abin da ya faru a 2017 ya isa misali. A watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a manhajar Windows. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa ta shiga kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kimanin 150, ta kulle bayanansu tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta taɓa asibitocin gwamnati, har aka ƙiyasta cewa an soke ganin likita da ayyukan tiyata wajen 19,000. Magani yana nan, ba a sha ba ne kawai. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a ce wa zai damu da 'yar kwamfutar da ke bayan kabad. Masu kutse ba sa zaɓe; sukan saki manhajar da ke ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet, wadda ta buɗe a shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin haɗa intanet na gidaje, ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 waɗanda kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da wannan runduna aka far wa kamfanin Dyn na Amurka, mutane da yawa suka kasa shiga Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Ita ma Raspberry Pi OS ta daɗe tana zuwa da suna da kalmar sirri iri ɗaya ga kowa, sai a watan Afrilun 2022 aka daina. Wanda ya girka tasa kafin nan, bai kuma canza ba, ƙofarsa a buɗe take ga duk wanda ya isa gare ta. Mu tuna kuma cewa a cikin gada ake ajiye kalmomin sirrin kyamarori da makullan gida.

Hanya ta biyu ita ce canjin abokan hulɗa. Filogin da yawa suna tuntuɓar sabobin kamfanoni ta intanet, kuma kafin su amince da kowace saba sai sun duba takardar shaidarta ta lantarki. Babbar manhaja da Node.js kowannensu yana riƙe da jerin hukumomin da aka yarda da sa hannunsu, kuma kowace shaida tana da ranar ƙarewa. Ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata tsohuwar shaida da hukumar Let's Encrypt ta dogara da ita ya cika, sai tsofaffin na'urori da dama da ba a sabunta jerinsu ba suka wayi gari suna ƙin amincewa da shafukan da lafiyarsu ƙalau.

Hanya ta uku ita ce na sama su wuce na ƙasa. Marubucin filogin yakan yi amfani da sabbin dabarun da ke cikin sabon Node.js, sai filogin ɗin ya ƙi aiki a kan tsoho. Maigida ya je sabunta Node.js, shi ma ya ce yana da sharaɗi. Alal misali, Node.js bugu na 18 yana bukatar glibc mai lamba 2.28 ko sama, alhali Debian ta 9, wadda ta fito a 2017, tana ɗauke da 2.24 ne. Ka ga ke nan matsalar da ta bayyana a hawa na huɗu, tushenta yana hawa na farko.

Kowane Bugu da Wa'adinsa

Masu rubuta manhaja ba za su iya ci gaba da yi wa kowane tsohon bugu faci har abada ba, saboda haka sukan sanar da wa'adi tun da wuri. Debian takan fitar da sabon bugu kusan duk shekara biyu: ta 10 mai laƙabin Buster a 2019, ta 11 Bullseye a 2021, ta 12 Bookworm a 2023, ta 13 Trixie a 2025. Kowane bugu yakan sami kulawa ta kimanin shekara biyar idan aka haɗa da ƙarin wa'adi.

Wa'adin Node.js ya fi haka gajarta. A tsarin da aka bi da bugu na 18 da na 20 da na 22, bugu mai lambar da ke rabuwa biyu yakan fito a watan Afrilu, a watan Oktoba a ɗaga shi zuwa matsayin mai dogon tallafi, daga nan a kula da shi na kimanin wata 30. Bugu na 18 ya fito a Afrilun 2022, wa'adinsa ya cika ranar 30 ga Afrilun 2025. Masu lambar mara, kamar 19 da 21, na gwaji ne masu ɗan gajeren rai, kuma masu Homebridge sun shawarci jama'a su tsaya ga masu dogon tallafi.

Labarin bugu na 16 yana nuna yadda manhajoji ke jan juna. An tsara zai kai Afrilun 2024, amma aka datse wa'adinsa zuwa 11 ga Satumban 2023, domin a ranar ce wa'adin OpenSSL 1.1.1 da ke cikinsa zai cika, kuma ba a so a bar mutane da makullin da ba mai gyara shi. Wani lokaci ma abin yakan gangaro har kan ƙarfen kwamfutar: daga bugu na 24, wanda ya fito a 2025, masu Node.js sun daina fitar da shiryayyen bugu domin tsarin ARM mai lamba 32, wanda tsofaffin Raspberry Pi da yawa ke kai.

Ranar da wa'adi ya cika ba abin da zai fashe. Fitilu za su ci gaba da kamawa, fanka ta ci gaba da juyawa. Abin da ya canza shi ne duk ɓarakar da aka gano daga ranar, ba wanda zai toshe ta.

Sabuntawa Ma Tana da Nata Hatsari

Bai kamata a fahimci cewa duk sabon abu da ya fito sai a ɗora shi nan take ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya cak, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci. WannaCry ta nuna illar jinkiri, wannan kuma ya nuna illar sabuntawar da ba a tantance ba.

A wajen gada, hatsarin iri uku ne. Na farko, wasu sassan filogin an rubuta su da harshen C ko C++, an kuma ƙera su daidai da wani bugu na Node.js, kamar murfin da aka yi daidai bakin tukunya. In aka canza tukunya, sai an sake ƙera murfi, in ba haka ba filogin ɗin ba zai tashi ba. Na biyu, lokacin sabuntawa kwamfuta tana goge tsofaffin fayiloli tana rubuta sabbi a katin ajiya; idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, ana iya ƙarewa da rabi tsoho rabi sabo, kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. A ƙasashenmu, inda ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, wannan shi ne hatsari mafi kusa. Na uku, ranar da aka fara haɗa gada da waya, sukan yi musayar wasu mabuɗan sirri da suke gane juna da su. Idan mabuɗan suka ɓace, waya za ta ɗauki gadar a matsayin baƙuwa, sai an sake haɗa su, an sake raba na'urori ɗaki-ɗaki, an sake tsara duk lokutan kunnawa da kashewa. Aikin watanni yana iya salwanta cikin minti ɗaya.

Yadda Ake Gudanar da Aikin

Mataki na farko shi ne sanin abin da ake da shi. Shafin Homebridge yana nuna lambar bugunta, da ta Node.js, da sunan babbar manhaja. A rubuta su a takarda, tare da sunayen filogin, sa'an nan a karanta bayanin da marubutan suka yi game da bugun Node.js da kowannensu ke bukata. Filogin da mai shi ya yi shekaru bai taɓa shi ba, shi ne aka fi tsammanin zai ba da matsala.

Mataki na biyu shi ne kwafin ajiya. Homebridge tana iya tattara saitunanta da mabuɗan sirrinta cikin fayil guda. Lalle ne a sauke wannan fayil zuwa wata kwamfuta ko waya, domin kwafin da aka bari a kan katin da ake shirin taɓawa, daidai yake da ajiye makullin gida na biyu a cikin ɗakin da aka kulle.

Mataki na uku shi ne zaɓen lokaci da tabbatar da wuta. Kada a fara aikin da tsakar dare lokacin da ake dogaro da kyamarori, ko ana gobe za a yi tafiya. A jona kwamfutar da inbata, ko da baturi mai ƙarfin da zai riƙe ta har a gama, a kuma tabbata akwai isasshen data.

Mataki na huɗu shi ne sabuntawar kanta, kuma ƙa'idarta ita ce a yi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Da farko a kawo Homebridge da filogin zuwa bugu mafi sabo da tsarin yanzu zai iya ɗauka, domin su san sabon Node.js kafin ya iso. Daga nan a koma hawa na farko. Umarnin sudo apt update yana ɗauko jerin abin da ya sabunta, shi kuma sudo apt full-upgrade yana girka su. In an gama a kashe kwamfutar a kunna. Sa'an nan a hau hawa na biyu, inda umarnin sudo hb-service update-node ke ɗora bugun Node.js mai dogon tallafi. Idan wani filogin ya ƙi tashi bayan haka, akwai umarnin hb-service rebuild domin sake ƙera sassan nan da muka kwatanta da murfi. Hikimar bin abu ɗaya-ɗaya ita ce, in wani abu ya lalace, an san wane canji ne ya jawo. Wanda ya canza abu huɗu a tashi ɗaya ba zai san inda zai fara bincike ba.

Mataki na biyar shi ne gwaji. Bayan kowane canji a kunna fitila, a buɗe makulli, a leƙa kyamara, a kuma karanta rahoton da Homebridge ke rubutawa game da ayyukanta, domin a nan kuskure ke fara bayyana. Tun daga bugu na 1.3, wanda ya fito a 2021, Homebridge tana ba da damar ware filogin a kan tasa ƙaramar gada, ta yadda in ɗaya ya faɗi ba zai ja sauran ba.

Idan Harsashi ne Ya Tsufa

Umarnin da muka ambata suna liƙa faci ne a cikin bugu ɗaya na babbar manhaja. Tsallakawa daga Bullseye zuwa Bookworm, alal misali, wani aiki ne dabam, kuma masu Raspberry Pi sun ba da shawarar a girka sabuwar daga tushe maimakon a ɗora ta kan tsohuwa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sayi sabon katin ajiya, a rubuta sabuwar babbar manhaja a kansa, tare da sabon suna da kalmar sirri mai ƙarfi. Masu Homebridge ma suna da shiryayyen kunshi domin Raspberry Pi, wanda ya haɗa babbar manhaja da Node.js da Homebridge wuri guda. A kashe kwamfutar, a zare tsohon kati, a sa sabo, sa'an nan a mayar da kwafin ajiyar nan. Tun da mabuɗan sirri suna cikin kwafin, waya za ta gane gadar kamar ba abin da ya faru.

Wannan hanya tana da fa'ida biyu. Katin ajiya yana gajiya da yawan rubutu, don haka canza shi bayan 'yan shekaru rigakafi ne. Haka kuma tsohon katin yana nan lafiya. In sabon tsari ya ƙi, sai a mayar da shi, gida ya koma yadda yake cikin minti biyar. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne, in sabuwar kwamfuta aka saya, kada a bar tsohuwa da sabuwa a kunne tare, domin dukansu za su amsa suna ɗaya, waya ta rikice.

Kammalawa

Mun ga cewa gadar na'urorin gida gini ce mai hawa huɗu, kuma hawan da ba a gani su ne ke ɗauke da nauyin sauran. Wanda ya ƙi sabunta su yana tara ɓaraka, har ya kai ranar da gyara ɗaya zai tilasta masa gyara huɗu. Wanda kuma ya sabunta da garaje, ba kwafin ajiya, ba tabbacin wuta, yana iya rusa abin da ke aiki lafiya. Abin da ya dace shi ne a mai da aikin al'ada mai lokaci: ƙananan faci sau ɗaya a wata, Node.js kafin wa'adin bugunsa ya cika, babbar manhaja kuma duk bayan shekara biyu ko uku a kan sabon kati.

Ga malamai, ana iya kawo wannan darasi cikin aji ba tare da an sayi komai ba. A sa ɗaliban da ke da damar samun wayar Android a gida su shiga saitunanta, su nemo lambar bugun manhajar da ranar facin tsaro na ƙarshe, su rubuto. A jera amsoshin a kan allo, a lissafa wata nawa kowace waya ta yi ba faci, sa'an nan a tambayi ajin: wace waya ce har yanzu kamfaninta ke kula da ita, wacce ce kuma wa'adinta ya cika? In makaranta tana da ɗakin kwamfuta, a yi irin wannan bincike a can, a rubuta sakamakon a takarda a manna a bango, tare da ranar da za a sake dubawa.